Rumbunan Baba daga Kan Dutse

Shekarun da kuɗin mai suka fara kwashe samarinmu zuwa Ikko, ina da rumfar ɗaukar hoto a Ƙanƙara. Kyamarata tsohuwa ce ta katako, mai ƙafa uku da baƙin mayafi, gabanta yana girgiɗi sai na tokare da tsumma. Wata ranar kasuwa wani dattijo daga Pauwa ya shigo. Na ja mashi kujera, ya ƙi zama.

"Ba ni za ka ɗauka ba, Malam. Yarona ya san fuskata. Rumbunana nika so ka ɗaukam mani, duka bakwai."

Ɗansa tilo ne ya tafi dakon siminti a bakin teku, damina biyu ba ya gida. Baba ya gaji da aike. A ganinsa in yaron ya ga abin da gona ta bayar da idonsa, zai dawo kafin ruwa ya sauka.

Da na je Pauwa na ga rumbu bakwai ba sa shiga hoto ɗaya daga tsakar gida, dole na hau dutsen bayan gari da kaya a ka, ina haki ina zagin kaina. Garin hawa ne tsumman ya faɗi, gaban kyamarar ya karkace, ni ko sani ban yi ba.

Da na wanke hoton sai da na zauna. Sama ya dushe, ƙasa ya dushe, tsiri ɗaya kawai a tsakiya ya fito tar. Gari guda ya koma kamar kayan wasan da ake ginawa da yumɓu, rumbunan kuwa ƙananan tukwane. Wallahi ya burge ni, amma na san zan sha faɗa.

Na kuwa sha da Baba ya zo karɓa. "Noman shekara guda ka maishe mani kaskon turare? Wa zai baro Ikko don wannan?" Na ce a sake. Ya ce direban da zai kai saƙon yana tasha ya tayar da mota. Ya fizge hoton ya fita ko sallama babu. Na yi mako uku ina jin kunyar bi ta hanyar Pauwa.

Ranar wata kasuwar, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai ga saurayi da wando mai faɗin ƙafa da akwatin ƙarfe. Ya ajiye hoton a gabana, duk ya lanƙwashe saboda zama a aljihu, ya ɗora yatsa a tsakiyar tsirin nan. Na duƙa na duba. Mutum ne ɗan mitsitsi a kan tsani, yana gyaran jinkar rumbu, ba mai riƙe mashi tsanin, ba mai miƙo mashi ciyawa.

"Babana ne nan?"

Na ce shi ne.

"Tun da nike ban taɓa ganin shi ƙarami ba sai yau," in ji shi. Ni kuwa idona ya cika, na yi kamar ina goge gilashi.

Ya mayar da hoton aljihu, ya tambaye ni inda maƙera suke baje garma, don motar Pauwa ta kusa cika.