Yaya Isufu da tambayarsa ta "mi ya sa"

Bana shekara arba'in da rasuwar yayana Isufu, majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar Dakoro, kuma har yau in na ga reza sai ya faɗo mini a rai.

Farkon samun 'yancin kai aka ba shi aikin koya wa ungozomomin ƙauye yankan cibiya. Jarirai na ta sandarewa, su kasa kama nono, su tafi kafin suna. Namiji ba ya shiga ɗakin jego, sai ya riƙa tafiya da ni ina zama bakinsa.

A Sabon Maci mun yi yadda manyansa suka ce: ga reza, a tafasa, a yanka. Matan suka gyaɗa kai, muka wuce. A Birnin Lalle kuwa Yaya ya ƙi sauri. Ya zauna a zaure ya aike ni ciki: "Ki tambaye su, a ganinsu mi ke kashe ɗiyan?" Suka ce tsuntsu ne ke giftawa bisa ɗaki. Bai yi dariya ba. Muka yi ta kai da kawowa, har wata tsohuwa da kanta ta lura cewa tsuntsun ya fi bin gidajen da tsohuwar askarta ta shiga.

Bayan damina muka koma. Rezojin Sabon Maci ana yanke farce da su. Na Birnin Lalle suna cikin tukunya ana tafasa su.

Yaya ya yi ta yi wa manyansa bayani a Maraɗi cewa sai ka san abin da ke cikin kan mutum kafin naka ya samu wurin zama. Suka tambaye shi mata nawa ya koyar. Ya gaji, ya daina magana, amma bai daina zaman zaure ba har ciwo ya kwantar da shi.

Yanzu samari na zuwa da mota, wai binciken yadda ake koyar da ma'aikatan lafiya. Su yi mini tambayoyi ido na kan waya, su tafi kafin ruwan da na kawo ya taɓa bakinsu. Da Yaya na nan, da ya ce musu, "Kun ƙirga, to mi ya sa?" Ni kam na gaji da maimaitawa.

Rannan jikata mai karatun ungozoma ta jero mini ƙa'idojin yankan cibiya tiryan-tiryan. Na ce, "Mi ya sa?" Ta ce ba a tambaya a jarrabawa. Har ta kai ƙofa, sai ta dawo ta ja tabarma ta zauna.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Na fara mata daga tsuntsu.