Ni Aka Aika Bakin Ƙofa

Akwai wani mai gyaran keke a bakin ƙofar jami'armu, a gindin darbejiya. Duk ranar da na bi ta gabansa iska ta kwaso mini warin baƙin man da yake shafa wa sarƙar keke, sai in ji gabana ya faɗi, in ƙara sauri. Ƙawayena suna cewa yanga ce irin ta waɗanda suka tashi a waje. Ban taɓa gyara musu zance ba. Amma kai da ka zauna kana karanta wannan, bari in gaya maka.

Warin hannun kakana ne, mahaifin Umma. Malamin labarin ƙasa ne, shekara da shekaru yana nuna wa yara garuruwa a jikin taswira. Da ya yi ritaya, maimakon ya samu dakalin masallaci ya zauna kamar sa'anninsa, sai ya ce zai je ya duba ko abin da ya koyar gaskiya ne. Ya sayi keke mai jakunkuna huɗu da ɗan tanti. Ya je Agadas, ya je Tamale, har a jirgi ya sa keken ya tafi Maroko ya yi ta hawan duwatsu. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan ya dawo da abin da ya ƙarasa kunyata dangi: wani ɗan abin kiɗa mai suna konsatina. Girmansa bai wuce ƙwaryar fura ba, maɓallai a gefe da gefe, tsakiyarsa kamar zugazugin maƙera, a ja a matsa ya yi ta kuka. Umma ko ganinsa ba ta son yi. Dattijo da furfura da kiɗa, in ji ta, ina za ta kai wannan magana.

Lokacin muna Kuala Lumpur, a Cheras, hawa na tara. Abba yana karatun digiri na uku, ni kuma ina da shekara goma sha uku, ni kaɗai ce a gabansu. Bayana Umma ta yi ɓari sau biyu, ga asma da take tasar mata ko turare aka fesa. A shekarar tana da ciki wata bakwai, kowa a gidan lallaɓa ta yake.

Kaka ya sauka da kekensa a cikin kwali. Ya yi mako biyu tare da mu, ya ja ni kasuwar Masjid India ya saya mini mayafi mai ruwan goro wanda na ce masa na tsofaffi ne, sannan ya ɗaure kayansa ya nufi arewa. Zai taɓa iyakar Tailan ya juyo, in ji shi, ya dawo da ƙafarsa ya ci naman suna.

Yana can annoba ta ɓarke, aka rufe ƙasar, aka ce kowa ya zauna a gida.

Ban san yadda zan kwatanta maka shirun garin nan ba. Babban titin da ke ƙarƙashin tagarmu, wanda ba ya hutawa, ya koma fayau, har kukan tsuntsaye muke ji daga hawa na tara. Mamak, shagon abincin da ke ƙasa inda muke sayen shayi da gurasar roti, ya kife kujerunsa. Ladan yana kiran salla yana cewa kowa ya yi a gidansa. Motar 'yan sanda tana zagayawa da lasifika, motar asibiti tana wucewa, kuma kullum da yamma hadari ya haɗo, a yi ta tsawa kamar ginin zai tsage. Abba kaɗai ke fita cefane. In ya dawo har tumatir sai ya wanke da sabulu, gidan duk ya ɗauki warin sanitaiza.

Kaka yana kira bayan la'asar. Masaukai sun daina karɓar baƙi, Abba kuma ba shi da mota, ko da yana da ita an toshe hanyoyi. Wani ofishin 'yan sanda ya ba Kaka takardar izinin komawa gida, suka ce ya bar keken ya nemi mota. Ya ce shi da kekensa tare suka zo. Haka ya yi ta bin hanyoyin ƙauye, yana kwana a gefen gonakin kwakwar manja da barandar ƙananan masallatai, yana ba mu labari yana dariya. A kwana na bakwai muka ji tari a wayar. Busasshe, mai tsawo. Ya ce ruwa ne ya dake shi. Umma ta ajiye cokalinta, ba ta ƙara kai loma ba.

Kowa a gidan ya san abin da ya kamata a yi, kuma babu mai bakin faɗa. Abba suruki ne na da. Bai taɓa cin abinci a gaban Kaka ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Mutumin da ya ba ka 'yarsa, ya yi kwanaki a daji, ya iso ƙofarka, ka ce masa kada ya shigo? Umma kuwa 'yar fari ce, tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, ita ma magana uku ba ta haɗa su sai ta sunkuyar da kai. Ni kaɗai ce nake da lasisi a kansa. Ni ce amaryarsa ta wasa. Ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe, ina ce masa na fasa auren tunda ango ba shi da ko babur, ya yi ta ƙyaƙyata dariya.

Ana gobe zai iso, Abba ya kira ni kicin. Yana wanke albasa, bai juyo ba.

“Ke za ki tare shi a ƙofa. Ki faɗa masa da wasa, yadda kuka saba. Fourteen days ne kawai, saboda Ummanki.”

“Why me, Abba?”

Ya ci gaba da cuɗa albasar da ta riga ta fita.

Gidajen can ƙofa biyu gare su, ta katako a ciki, ta ƙarfe mai sanduna a waje. Kafin azahar muka ji lif ya buɗe, muka ji ƙas-ƙas ɗin tayar keke yana matsowa. Na buɗe ta katakon. Ta ƙarfen tana rufe da kwaɗo, mukullin yana aljihun Abba, Abba kuma yana maƙale a bayan bango, taku biyu daga inda nake.

Da ƙyar na gane shi. Ya rame, rana ta ƙone shi, ya ɗaure hanci da hankici, idanunsa sun yi ja.

“Amarya, a buɗe wa ango mana.”

Na kwana ina bitar maganar, sai na faɗe ta yadda na haddace. “Angon da ya tafi yawon duniya ya bar amarya, ba ya shiga ɗakin nan sai ya yi kwana goma sha huɗu a waje.”

Ya yi dariya. Sai ya dubi kwaɗon, ya dubi ƙasa ta bayana, inda inuwar Abba ta faɗo a kan tayil. Dariyar ba ta ɗauke ba, amma ta canza.

“Hukunci ya yi,” in ji shi. Ya ɗan ɗaga murya. “A ce wa mutanen gidan na iso lafiya. Allah ya yi albarka.”

Nan tari ya sarƙe shi. Ni kuma, ba tare da na yi niyya ba, na yi tsalle na ja da baya har na bugi kujera. Kakana ne, wanda nake wasa da gemunsa, amma a lokacin tsoronsa nake ji kamar wani abin da zai cije ni. Ya gani. Ya juya kekensa a hankali ya tura shi zuwa ƙarshen baranda.

A can akwai matattakalar da ba mai bi sai in lif ya lalace. A kan faffaɗan wurin da take juyawa ya kafa tantinsa, ya jingina keken, ya shimfiɗa darduma. Akwai bayin masu shara a hawan ƙasa da mu. Ni nake kai abinci: in ajiye tire a ƙasa ta ƙarƙashin ƙofa, in tura da sandar mofa iyakar inda ta kai, in rufe, sannan ya zo ya ɗauka. Kwanukan sai an tafasa su. Muna tsoron cutar, muna kuma tsoron kada wani ya kira hukuma ya ce ga baƙon Afirka yana tari a matattakala. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Malay da muke kira Makcik, ta gan shi tun ranar farko. Muka zauna muna jiran abin da zai biyo baya. Washegari sai ga ƙullin shinkafa a bakin matattakalar, tana tambaya daga nesa, “Atuk sudah makan?” wato ko kaka ya ci abinci.

Magana a waya tana tayar masa da tari, sai ya kawo dabara. Ya ce a daina kiransa. Kullum bayan la'asar zai taɓa konsatina, in mun ji, to lafiya lau yake.

Umma, wadda ta yi shekaru tana barin ɗaki in ya ɗauko abin nan, ita ce take jawo kujera ta zauna a jikin ƙofa da carbi tun kafin a yi kiran salla. Ni kuwa agogo nake kallo. Ranar farko ya kusa rabin awa, kiɗa mai daɗi, matattakalar tana amsawa, har wani yaro a hawan sama ya yi tafi. Rana ta uku, minti goma sha biyar. Rana ta biyar ya ɗauko wani kiɗa mai sanyi da yake yi mini tun ina ƙarama, ya kai tsakiya ya tsaya. Muka jira ragowar, ba ta zo ba. Na ce wa Umma ƙila ya manta ne. Ta ci gaba da jan carbinta.

Rana ta shida aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka yi la'asar, aka idar, shiru. Da ruwan ya tsagaita muka kasa kunne, sai muka ji wani abu yana fuu, fuu, a hankali. Abin kiɗan yana yin haka in an ja shi ba a danna maɓalli ba. Na kasa gane ko shi ne, ko ƙirjin Kaka ne. Na zauna a ƙasa.

Abba ya miƙe. Ya sa rigar ruwa, ya ɗaura takunkumi biyu, ya buɗe kwaɗon, ya miƙo mini mukullin ta tsakanin sanduna ya ce in rufe. Ranar ce kaɗai na taɓa jin ya ɗaga wa surukinsa murya. “Baba, wallahi yau sai asibiti!” Ba a jima ba wasu mutane suka fito daga lif cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ba a ganin ko idonsu sosai. Suka wuce da shi ta gaban ƙofarmu a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Na riƙe sandunan. Ya ɗaga mini yatsu biyu.

Cutar ce. Ya yi kwana goma sha ɗaya. Masu fararen kaya ne suka sallace shi suka binne, Abba yana tsaye daga nesa yana nuna wa Umma ta waya. Mu an gwada mu, ba a samu kowa da ita ba. Bayan mako biyu Umma ta haifi namiji lafiyayye, aka mayar masa da sunan Kaka.

Kowa ya ce an yi daidai. Likitar Umma ta faɗa, dangi a gida sun faɗa. Amma ni na san siminti yana da sanyi, na san kwana shida ya yi a kansa, na kuma san daga bakin wa maganar ta fito. Ban ƙara tsokanar wani tsoho ba. Da muka dawo gida kakata ta wajen uba ta yi ta jana da wasa tana kirana kishiya, ina gaishe ta in tashi.

Yanzu ina ganin samari suna zama kujera ɗaya da surukansu, suna kallon ƙwallo suna musu. Manya suna cewa zamani ya lalace, kunya ta ƙare. Wataƙila da gaskiyarsu, kunya abu ne mai kyau, a cikinta aka rene ni. Amma in ana wannan hira ba na sa baki.

Bara, Abba ya kawo ni makaranta. Muka sauke kaya, na yi masa sallama, sai ya ce in dawo in zauna. Ya kashe motar, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba.

“Ranar da na fita wurinsa, kafin motar asibiti ta zo, ya yi mini magana. Da ƙyar take fita. Ya ce, da ka buɗe ƙofar nan da na raina ka. Amma yarinya ka aiko.” Ya saki sitiyarin. “Aikina ne na ɗora miki. Shekarun nan duk ina neman yadda zan faɗa. Ki yafe mini.”

Ban taɓa jin uba ya roƙi 'yarsa gafara ba. Na buɗe baki in ce babu komai, yadda aka koya mana, sai na ji ba zan iya ba, don akwai.

Na ce, “Abba, tsoro na ji.”

Ya ce, “Ni ma.”