Bagaruwar da Inna ta bayar aka auna

Ni ba na iya ganin abu in wuce ban tambaya ba. Tun ina yaro mahaifiyata, Inna, ke ce mini mai bakin tambaya, kuma koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Ibohamane ba ta warkar da ni ba. Shi ya sa ranar da na ga wata budurwa tana zagaya wa itatuwan kan dutse igiyar awo kamar tela, na jingine babur na nufe ta.

Ɗaliba ce daga Yamai. Ta ce hayaƙin mota da masana'anta da murhu yana taruwa a sama yana riƙe zafi, itatuwa kuma suna shanye wani kaso su mayar da shi jikinsu. Ana son a ƙiyasta abin da kowace ƙasa ke fitarwa da abin da take shanyewa. Hotunan da ake ɗauka daga sama suna nuna inda itace yake, amma ba sa faɗin nauyinsa. Dole a sare kaɗan, a auna su daga saiwa har ganye, a kwatanta sauran da su. Izinin ma'aikatan daji ta samu. Wanda zai ba da itacensa ne ta rasa.

Na kai labarin gida don a yi dariya, Inna ba ta yi ba. Tana cikin matan da suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka suka dasa itatuwan nan lokacin da dutsen yake fayau. Kuma duk rayuwarta da icce ta yi girki. Ashe ta taɓa ji a rediyo cewa hayaƙin murhu yana ɓata sama, maganar ta tsaya mata a rai.

"Tambayo mini ita," ta ce. "Abin da niƙ ƙona da abin da nid dasa, wane yah hi yawa?"

Na ce wannan ba abin damuwa ba ne.

"Kai da ba ka taɓa hura wuta ba, ba ka taɓa dasa icce ba, mi kas sani?"

Kashegari ta aika a gaya wa ɗalibar ta zo ta sare bagaruwar bakin gonarmu, wadda ta dasa shekarar da ta yaye ƙanwata. Raina ya ɓaci, don a inuwarta muke shan fura lokacin noma. Amma ni ne na fara isa gonar, ni ne kuma na aro ma'auni wurin wani mai sayen albasa.

Aka sare, aka zuba ganye a buhuna, aka bi saiwa da haƙa. Tsawon saiwar ya ɗaure mini kai, ashe abin da muke gani a sama ba shi ne duka itacen ba. Da aka zo yin gunduwa-gunduwa da gangar jikin don ta hau ma'auni, Inna ta tsaya a kan mai gatari, tana gwada masa tsawo da hannunta, ba ta yarda ya rage ko ya ƙara ba. Na tambayi dalili, ta ce in je in riƙe buhu.

Ɗalibar ta tafi da ƴan guntaye don ta busar, ta ce ruwa ba ya cikin lissafi, kusan rabin busasshen itace shi ne abin da aka shanye daga iska. Bayan girbi ta dawo, ta durƙusa ta gaida Inna.

"Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Ban san nawa suka rayu cikin itatuwan da kika dasa ba, ban san yawan iccen da kika ƙona ba. Aikinmu ƙiyasi ne. Abin da na tabbatar, wanda aka ƙona ya koma sama. Wanda aka ajiye ko ƙasa ta rufe yana daɗewa bai koma ba."

Ni amsar ba ta ƙosar da ni ba. Inna kuwa ta gyaɗa kai.

"To, ɗiyata, wanga dai ba shi komawa."

Ta sa aka jera gunduwoyin a bayan ɗakinta, ta rufe da tsohuwar tabarma. Damina ta zo, icce ya yi wuya, matata ta yi ta satar kallonsu, ba wanda ya isa ya taɓa. Na yi tambaya har na gaji. Azara ce? Ai sun yi gajarta. Turmi? Sun yi siranta. Sai Inna ta yi murmushi ta ce, "Mai bakin tambaya."

Bazarar da ta wuce Allah ya yi mata rasuwa. Masu haƙa suka aiko a nemo itatuwan da ake jerawa a bakin kabari kafin a mayar da ƙasa. Na miƙe zan nemi gatari, ƙanwata ta riƙe mini riga ta nuna bayan ɗakin. Ashe ita Inna ta gaya wa, don ita ba ta tambaya.

Da hannuna na jera su, kowanne ya zauna daidai, ba a rage ko ɗaya ba. A nan kuka ya ƙwace mini. Har yau ban san wane ya fi yawa ba, kuma ina son in sani. Amma bagaruwar nan ba ta koma sama ba, tana tare da wadda ta dasa ta.