Ƙibar da nake alfahari da ita

Shekara goma sha ɗaya ina riƙon yaran mutane a tsakar gidana a Lamorde kafin aka kira mu, mu masu raino, wai za a koya mana dafa abincin yara. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni da na yaye shida nawa, wace ce za ta nuna mini damun kunu? Ranar farko malamar, wata ma'aikaciyar jinya sa'ar ƴata ta biyu, ta ce a riƙa zuba garin ƙuli-ƙuli da na zogale a kunu, a murje ƙwai a ciki. Na taɓe baki. Tun muna yara aka ce mana yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama, shi ya sa ƙwan kajina bai taɓa shiga bakin yaro ba.

Aka ce gobe kowace ta zo da yaro ɗaya, a nuna mana yadda ake awon damtse. Sai na zaɓi wadda zan rufe bakin malama da ita, ƴar wata mai saida kopto, kwaɗon zogale, a bakin gada. Ba ta cika shekara biyu ba, kuma da yaye ta aka kawo mini ita, siririya. Na ɗora ta kan kunun gero tatacce sumul da sukari, safe da rana. Kafin wata uku kumatu sun ciko, ƙafafu sun yi ɓul-ɓul har takalmi ya daina shiga. Uwarta har sabulu ta kawo mini na godiya.

Na ɗora ta kan tebur ina wani ɗaga kai. Malama ta shafa gashin yarinyar da ya yi ja-ja.

"Tanti, mi take ci?"

Na zayyana mata da ƙarfi, don na baya su ji.

Ba ta ma ɗauko zaren awon ba. Ta dafa manyan yatsunta a bayan ƙafafun yarinyar, ta ɗan jima, ta ɗaga. Ramuka biyu suka tsaya, kamar an danna tuwo. Na zuba ido ina jira su cike, suka ƙi.

"Tanti, wannan ba ƙiba ba ce. Kumburi ne, na yunwa."

"Yunwa? A gidana?"

"Cikinta na cika, amma ba abin da ke gina mata jiki. A kai ta likita yau, kar a bari gobe."

Salati ma sai a karo na biyu ya fito. Kullum sai na ja kumatun nan ina mata kirari, ashe ciwo nake ja.

Goye da ita na tafi bakin gada. Na tarar da uwar tana cakuɗa zogale da ƙuli a faranti, tana miƙa wa wani mai taksi. Abin da ƴarta ke nema ke nan, yana wucewa ta hannunta kullum zuwa bakin mutane.

"Lafiya, Tanti?" in ji ta, tana murmushi.

Na sauke yarinyar, na danna ƙafarta da yatsana, na ce ta duba.

Muka kai ta likita, aka kwantar da ita, ana ba ta wata madara kaɗan-kaɗan. Ni kuwa na koma aji na zauna a layin gaba, na kasa kunne. Da na isa gida na dafa ƙwai na murje wa sauran yaran.

Ta rayu, alhamdu lillahi. Ranar da na je dubiya bayan kumburin ya sauka, na wuce gadonta ban gane ta ba, sai da uwar ta kira ni. Ta ɗago ta ta miƙo mini. Na gyara tsayuwa don in karɓi nauyin da na saba goyawa, sai hannuwana suka yi sama, don ta koma sakayau.