Na Auna Malamin 'Yata da Ma'aunin Yankan Riɗi

Shekarun baya, tun ina iya hawa bayan lori ba tare da an miƙo mini hannu ba, ni wakili ne a wata babbar gona kudu da Gadarif. Gonar ba tawa ba ce, ta wani attajiri ce da ba ya leƙo ta sai lokacin girbi. Aikina in shiga kasuwa in ɗebo 'yan ƙodago, waɗanda a nan muke kira jangu, in kai su gona, in tsaya a kansu har a gama. Ba yabon kai ba, na iya aikin. Kallo ɗaya nake yi wa tafin hannun mutum da kafaɗarsa in san ko zai kai la'asar a tsaye.

Wanda bai taɓa tsayawa kan yankan riɗi ba, da wuya ya gane halina. Riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa. Ka yi jinkirin 'yan kwanaki sai kwansonsa ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa, wahalar shekara ta tafi a banza. Shi ya sa ba ma biyan mutum da yini, da hilla muke biya, wato tarin dammunan da ya yanka ya jingina. Da yamma in zaga in ƙirga. Mai hilla da yawa shi ne ma'aikaci, mai kaɗan kuwa gobe ya nemi wani lori. Na daɗe a kan haka har ya zama komai na duniya da wannan idon nake kallonsa. Matata takan ce ko limamin unguwa ne ya ja doguwar sura, sai na fito ina cewa ya ɓata mana yini.

A shekarar da nake ba ku labari, babbar 'yata tana ajin ƙarshe na sakandare, za ta zauna jarrabawar kammalawa da muke kira shahada. A gidanmu ba wanda ya taɓa kaiwa nan. Kakanninmu da shanu suka zo ƙasar nan, iyayenmu suka koma noma, mu kuma muka zama masu tsaron gonakin wasu. Ita burinta jami'a, sashen noma da gandun daji, kuma duk darussanta tana riƙe da su sai guda ɗaya, kimiyyar muhalli. An ɗauke malaminsu tun farkon shekara ba a kawo wani ba. Maimaita aji kuwa ba mu da halinsa, ga ƙannenta a bayanta. Zama ɗaya ne, ta sani, ni ma na sani.

Na zaga garin nan neman mai koya mata a gida har takalmina ya gaji. Malamin lissafi ko na Turanci, ko'ina ka juya ga shi. Amma da na ce muhalli sai a dube ni kamar na tambayi kifi a kasuwar hatsi. Wani ma cewa ya yi, “Muhalli kuma, ya Hajj? Ai wannan haddacewa ake yi, ba ya son malami.”

Inda ban zata ba a nan na same shi. Wata safiya ina zaɓen jangu a bakin kasuwa, sai ga wani siririn mutum a layi, jallabiyarsa fes, tabaransa an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Na kama hannunsa na juya, laushi kamar na jariri.

“Ya zol, bawan Allah,” na ce masa, “wannan hannun bai taɓa riƙe lauje ba.”

“Gaskiyarka,” ya ce. “Alli ya saba riƙewa. Amma ciki bai san bambancinsu ba.”

Ashe malamin sakandare ne daga wajen garin Fau. Lokacin ne masu gemu suka karɓi mulki, suna sallamar ma'aikata da takarda guda, babu laifi, babu bayani, sai dai a rubuta wai don maslahar jama'a. Shi ma irin takardar ce ta same shi. Na tambaye shi me yake koyarwa. Ya ce ilimin halittu da muhalli. Wallahi sai da na sake tambaya don in tabbata kunnena bai yaudare ni ba. Na bar lori yana jira, na ja shi wajen wata mai shayi.

A nan na fara kuskure, ban sani ba. Na ce masa littafin babi nawa ne, don da babi zan biya shi, kowane ya gama ya karɓi nasa. Ya yi 'yar dariya ya ce shi bai taɓa jin an yi cinikin karatu haka ba. Na ce to yau ka ji. Mutumin da ya fito neman yankan riɗi ba shi da bakin musu, ya ce tayyib, ya yarda.

Namiji ba ya zama da budurwa su biyu, balle a wancan zamani da 'yan sandan ɗa'a ke sintiri. Don haka mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ita aka ɗora wa zaman tsaro. Ta ɗauki carbinta ta ce za ta zauna, amma kada a sa ran za ta saurari surutun boko. Ni kuma na hau lori na tafi gona.

Sati uku na yi. Ranar da na dawo, ko ƙurar hanya ban wanke ba na tambayi 'yata babi nawa aka gama.

“Muna kan na farko, Baba.”

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na duba tsakar gida, sai ga kwalabe jere a kan katanga cike da ruwan laka, ga gwangwanaye uku da ƙasa a ciki, ɗaya har ciyawa ta tsiro masa. Mahaifiyata kuwa, wadda ta ce ba za ta saurara ba, ita ta karɓe bayanin daga bakin yarinyar. Wai kullum bayan la'asar su uku suke fita bayan unguwa, bakin kwari da wajen tafkin da aka haƙa. Ustaz ya sa yarinyar ta zuba ruwa a ƙasa mai ciyawa da ƙasa tsirara, ta ga wacce ruwan ke kwashewa. Ya sa ta zura sanda a tsagewar baƙar ƙasar nan tamu ta auna zurfinta. Sannan ya juya ga tsohuwa yana tambayarta itatuwan da ta tarar a nan tana yarinya, ina dakwara take, ina aduwa, ta ina burtalin shanu ya bi. Tana faɗa da Hausa da guntun Larabcinta, shi yana rubutawa.

“Ɗan nan,” ta ce mini, “tun da uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa rubuta maganata a takarda sai bawan Allahn nan.”

Ni ban ga abin murna ba. Babi ɗaya na gani a sati uku, ga jarrabawa tana matsowa. Duk da haka da wataƙila na haɗiye, ba don abin da ya faru washegari ba.

Wani abokina ya zo yi mini barka da dawowa, muna shan jabana, gahawar nan tamu, a rumfa. 'Yata ta kawo mana garwashi, sai ta tsaya, fuskarta a sake, ta ce, “Baba, me ya sa a gonarku ba a bar ko itace ɗaya ba? Ustaz ya ce ƙudujin da ke kashe dawa, wanda kake kuka da shi, alama ce ƙasa ta gaji, dawa a kan dawa kowace shekara, ba hutu, ba abin da ke tare iska.”

Ba da raini ta faɗa ba, ta ɗauka zan ji daɗi. Abin da ba ta sani ba, ni na tsaya a kan saran itatuwan nan, ni na sa aka yi gawayi da su. Abokina ya kurɓi jabana ya ce, “Ka ga irinta ko? Ai ba banza aka kori irin malaman nan ba. Yau itace, gobe kai za ta tuhuma.” Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce mata ta shiga gida.

Da ustaz ya zo ranar, a ƙofa na tare shi.

“Ya ustaz, sati uku, babi ɗaya.”

“Haka ne, ya Hajj. Amma shi ne gindin littafin. In ta gane yadda ruwa da ƙasa da itace suke riƙe da juna, sauran ko ba ni za ta karanta da kanta. Ka ba ni zuwa girbin dawa. Yarinyar nan tana da kai, ban taɓa koyar da irinta ba.”

Na ba shi amsar da nake ba jangun da hillarsa ta gaza. “Halas, shi ke nan. Allah ya haɗa kowa da rabonsa.”

Bai yi gardama ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin jallabiya, ya roƙi in bar shi ya yi sallama da Hajja, mahaifiyata. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye wa yarinyar littafin da yake rubuta maganganun kakarta, ya fita. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, “Kai dai ɗan nan, sauri ya haifi nawa.” Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da baki ba, sai da kai. 'Yata kuwa ta tashi ta nufi katanga. Ta je ta zubar da ruwan kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya, ta wanke su ta mayar wa uwarta.

Abokina ya kawo mini wani malami. Wannan kam irin nawa ne. Yana zuwa ya buɗe littafi, yana faɗa tana rubutawa, gobe ta kawo hadda. Cikin wata guda ya kai bango. Na riƙa bugun ƙirji a kasuwa, ina cewa ga ma'aikaci, ba mai wasa da laka ba. Da safe in ji 'yata tana zagaya tsakar gida tana maimaita jimloli, in ce alhamdulillahi, aiki yana tafiya. Ban taɓa lura cewa ta daina tambayar kowa komai ba.

Ranar jarrabawar muhalli ta dawo ta zauna a bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba. Na ce yaya.

“Baba, ba su tambaya yadda yake a littafi ba. Sun zana tudu da kwari da gona, suka ce in an yi kaza me zai faru, kuma don me. Tambayar farko na amsa, har takarda ta kusa ƙare mini. Sauran kuwa na san kalmomin duka, amma ban san inda zan sa su ba.”

Na ce mata malesh, ta yi haƙuri, Allah yana nan.

Da sakamako ya fito ta ci, sai dai darasin nan ya ja jimillarta ƙasa. Abin da ya raba ta da sashen da take so ɗan kaɗan ne, kaɗan ɗin da har yau ba na son tunawa. Ba ta yi kuka a gabana ba. Bayan 'yan watanni ta ce a kai ta koyon ɗinki. Yanzu tana da shagonta a kasuwa da kekuna biyu, ta yi aure, tana rufa wa kanta asiri har da mu.

Da riɗi ya sake nuna na nemi ustaz a bakin kasuwa. Mai shayi ta ce tun bara ya bi lorin wani wakili zuwa gonakin bakin iyaka. Wani ya ce zazzaɓin can ya kama shi, wani ya ce a'a, ya samu ya ƙetare teku. Ban san gaskiyar ba. Na je har Fau sau ɗaya ina tambaya, sai na tarar ko sunan unguwarsu ban taɓa tambayarsa ba. Mutum ya yi sati uku yana shiga gidana, abin da na sani game da shi kawai yawan babin da ya gama.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ƙirga ce ta cuce ni, wai sana'a ce ta bi jikina. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Yanzu da tsufa ya zo ba ni da wanda zan ɓoye wa. Tambayar da ta yi mini a gaban abokina ita ta kori mutumin nan. 'Yata ta fara ganin abin da ni ban gani ba, maimakon in yi murna sai na ji kunya, na fake da babi ɗaya. Da na sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi nauyi, domin ba ni na biya ba, ita ta biya. Abin yana damuna har gobe. Ku masu 'ya'ya a makaranta, in kun ga yaro ya dawo gida da tambayar da ta ƙona ku, ku riƙe malamin nan da hannu biyu.

Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa samun bakin ba ta haƙuri ba. Bana 'yarta ta fari ce za ta zauna shahada. Kwanakin baya na je gidansu, na ji suna zancen yarinyar tana son mai taimaka mata a wani darasi. Na gyara zama na ce ai na san mutane a gari, a bar mini, ni zan nemo mata malami.

'Yata tana zuba mini shayi. Ba ta ɗago ba, muryarta a sanyaye ta ce, “Bari, Baba. Ka huta. Wannan ni zan nema mata.”

Na ce to. Na karɓi shayin na kurɓa.