Ranar da Na Sakar wa 'Yan Haya Ruwa

Shekarun baya, lokacin ina da sauran ƙarfi da yawan baki, ni ke riƙe da ƙarfen murɗa get ɗin ruwa a sashenmu na kanal ɗin noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Aikin ba wani babba ba ne. Ranar layinku ta zo na buɗe muku ruwa, ta wuce na rufe. Amma yadda nake saɓa ƙarfen nan a kafaɗa ina ratsa gari, sai ka rantse sarauta aka ba ni.

Wani rani ruwan dam ya yi ƙasa sosai. Ƙungiyar manoman sashenmu ta kira taro, aka yanke cewa daga ranar mai gonar kansa ne kaɗai ke da layin ruwa, ɗan haya sai abin da ya rage. Kowa a wurin ya san babu abin da zai rage. 'Yan hayar ba su da ta cewa a ƙungiya, suna tsaye daga baya suna ji.

Na ce wa ciyaman, wani Alhaji da gonakinsa ke daf da get, "Ranka ya daɗe, ai da su muka yi yasar kanal ɗin nan."

Ya ce, "Doka ce, jama'a suka yi ta. Kai naka murɗawa."

Cikin 'yan hayar akwai maƙwabcina, Kirista ne mutumin Filato, ya daɗe a garinmu har 'ya'yansa sun fi nawa iya Kananci. Albasa ya shuka a can ƙarshen kanal, ta kuma kai lokacin da ta fi son ruwa. Ina gani ganyenta ya fara rawaya daga baki, ya kwanta. Bai taɓa roƙona ba. In zan wuce da ƙarfena sai ya ɗago ya ce, "Malam, sannu da aiki." Wallahi gara a ce zagina yake yi.

Wata safiya na biyo ta gonar Alhaji, na tarar ruwa ya cika fangali ya tumbatsa, yana malala kan hanya har masu babur na kaucewa. Da na ƙarasa ƙasa, ga maƙwabcina da matarsa suna jido ruwa a jarka daga wani kududdufi, suna bin albasa tushe-tushe kamar masu ba majinyaci magani.

Na dawo gida na sami mahaifiyata tana tsintar shinkafa a faifai. Na ce, "Inna, in doka ta ce ka bar amfanin mutum ya mutu kana kallo, ya ake yi?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗan nan, ranar da za a tambaye ka, ba tare da ciyaman za a tashe ka ba. Amma kar ka zo mini da kuka, don ba za su ƙyale ka ba."

Ban so a ce sata na yi, don haka da hantsi na tafi, idon kowa biyu. Har da sa sabon kaftani, wai ni ga mai tsayawa kan gaskiya. Get ɗin reshen 'yan haya ya daɗe a rufe, ya cije. Na danna da ƙarfi, santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a taɓo, hulata ta bi ruwa. Haka dai na buɗe shi. Na bi ruwan da ƙafa har ƙarshen kanal. Maƙwabcina ya tsaya da fartanya a hannu yana kallona, sannan ya sunkuya ya fara karya masa hanya. Sauran 'yan haya suka fito da gudu, kowa na ja wa gonarsa. Kafin la'asar yaran Alhaji sun zo sun rufe, sun karɓe ƙarfen.

Da aka zauna a kaina ban yi musu ba. Na ce, "Ni na buɗe, ban kuma ɓoye ba. Ku hukunta ni, amma don Allah ku sake duba dokar nan." A zuciyata na gama lissafin cewa 'yan haya za su taso su mara mini baya. Ciyaman ya dube su ya ce, "Cikinku wa ya sa shi?"

Na waiwaya. Wani ya ce, "Mu dai ba mu aike shi ba." Maƙwabcina ya buɗe baki zai yi magana, mai gonar da yake haya ya zuba masa ido, sai ya sunkuyar da kai.

Aka yanke cewa ni ma ba ni da ruwa har ƙarshen rani. Tumatirina, da na gama sa rai a kansa, ya bushe a tsaye. Shekarar nan sai da matata ta sayar da awakinta muka kai damina. Albasar maƙwabcina kuwa ta ɗan miƙe da shan nan guda, daga baya ta koma ta kwanta. Shirun da ya yi bai cece shi ba, mai gona ya karɓe abarsa.

Ranar da zai koma gida Filato, an gama loda kayansa a akori-kura, ya zo ƙofar gidana. Ya ce, "Malam, da ka bari. Da yanzu gona ɗaya ce ta mutu, ba biyu ba." Sannan ya ce, "Ka yafe mini."

Na ce, "Haba, babu komai." Muka riƙe hannun juna.

Da ruwa ya wadata aka koma shayar da kowa. Babu wanda ya soke dokar, babu wanda ya ce an yi zalunci. Ni dai aka riƙe a rai, har yau in ana misalin mai taurin kai da ni ake yi.

Ana cewa gaskiya dokin ƙarfe ce. Na hau, ban ga inda ta kai ni ba. Ban ceci albasa ko ɗaya ba, ban sauya zuciyar kowa ba. 'Yan hayar ma ban riƙe su a rai ba, wanda abincin 'ya'yansa ke hannun wani ba ya iya ɗaga murya. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutanen kirki, waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci, suka iya zama su kira zalunci doka, su koma gida su ci tuwo lafiya.

Kwanan baya matata ta tambaye ni, "Malam, in da yau ne, za ka sake?"

Na ce zan sake. Sai dai wannan karon na riga na san ni kaɗai ne.