Tayar da Baba Bai Duba Ba

Shekarar da na sayi mota ita ce shekarar da Baba ya bar gidanmu na Sabon Gari ya dawo wurina a Maitumbi. Yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Mijina a Abuja yake aiki, sai ƙarshen wata yake zuwa, ni kuma ina koyarwa a wata sakandare. Motar ta hannu ce, ta gama rayuwarta a wata ƙasa kafin ta iso Minna. Iyakar sanina da ita, inda ake sa makulli da inda ake zuba fetur.

Baba kuwa makanikin injin jirgin ƙasa ne, a reluwe ya yi aiki har ya yi ritaya. Washegarin da aka kawo motar na fito da jakata, na same shi tsaye a gabanta, tafin hannunsa a kan bonet.

Ya ce, "Uwata, buɗe." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce, "Baba, lafiyarta ƙalau. Jiya fa aka kawo ta."

"Ita ta faɗa miki?"

Sai da na kira mijina a waya kafin na gano inda ake jan abin buɗe bonet ɗin.

Daga ranar ban ƙara fita ba sai an yi duba. Kafin in tayar da injin, zan zaro sandar awon baƙin mai, in goge ta da tsumma, in mayar, in sake zarowa, in gaya masa ko man yana tsakanin alamomin nan biyu. Ba ya yarda da bakina kaɗai. Sai ya miƙo hannu in ɗiga masa a yatsa, ya murza, ya shinshina. In ya ji man ya tsinke ko yana da tsakuwa-tsakuwa, ya ce lokacin juye ya yi, kuma in tabbatar an canja filta. Daga nan sai ruwan lagireto, wanda ya sa na yi alkawarin ba zan taɓa buɗe murfinsa injin na da zafi ba; ya nuna mini tabon ƙuna a damtsensa don in san dalili. Sai man birki, sai kan batir, ko ya yi farin gari. Ƙarshe ya zagaya tayoyi huɗun nan da laluben hannu, yana danna kowace da babban yatsa kamar mai sayen mangwaro.

Na makara zuwa makaranta sau da yawa. Da shugabar makarantarmu ta tambaye ni dalili, na gaya mata gaskiya. Sai ta tambaya ko Baba zai iya duba tata.

Abin haushin, motar ba ta taɓa tsaya mini a hanya ba, don haka ban samu bakin yin ƙorafi ba.

Da sabuwar doya ta fito, wani tsohon abokin Baba ya aiko daga Garatu cewa mu zo. Tare suka yi aiki a reluwe, shi ya koma gona bayan ritaya, kuma dattijo ne a cocinsu. Ranar Asabar da safe muka yi duba fiye da na kullum, har da fitilu da ruwan goge gilashi. Baba ya ce, "To, yanzu an iya tafiya."

Mun bar gari, mun miƙa hanyar Bida, sai na ji sitiyari yana ja na zuwa dama. Na gangara gefe na tsaya. Tayar gaba ta taka ƙusa, ta zauna ƙasa.

Baba bai damu ba. In ma zan faɗi gaskiya, ya ji daɗi. Na zaunar da shi a gindin wata kaɗanya, ya riƙa ba da umarni daga can. In sa dutse a bayan tayoyin baya. In sassauta notuna tun mota na ƙasa, kafin in ɗaga ta da jak. Notunan suka ƙi motsi, sai da na ɗaure zani sosai na hau kan sifana da ƙafa. Na cire tayar, na ciro tayar safaya daga but, na ɗaura, na sauke jak.

Motar ta yi ta sauka, ta yi ta sauka, har ta zauna daidai yadda take a da.

Baba ya ce, "Me na ji?"

Na ce, "Safayar ma ba iska."

Wata babbar mota ta wuce, wata ta bi ta. Sannan ya gyara zaman hularsa ya ce, "Jirgin ƙasa ba shi da safaya."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Wani magidanci a kan babur ya tsaya, da buhun masara a baya. Ya ce akwai mai faci a gaba kaɗan, in ba shi tayoyin biyu ya kai. Na yi shakka, don ban san shi ba. Baba ya tambaye shi ɗan wane gida ne, ya faɗa, ashe gonarsu tana iyaka da ta abokin Baba. Mutumin ya taya ni cire safayar, ya sauke buhun ya bar mana, ya ɗaure tayoyin ya tafi.

Bayan kamar awa ɗaya ya dawo da mai facin a bayansa, wani dattijo mai furfura. Shi ya ɗaura tayar da kansa. Yana ɗaure notuna yana mini bayani da irin Hausarsa: "Madam, safaya ko ba ka taɓa shi ba, iska yana fita kaɗan-kaɗan. Duk wata ka kawo a auna da geji. Sauran ma a auna. Hannu ba ya sanin iska."

Na kalli Baba. Baba ya ce, "Na ji."

Mun isa Garatu bayan azahar. Abokin Baba ya shimfiɗa mana tabarma muka yi salla, matarsa ta kawo sakwara. Da ya tambayi abin da ya tsare mu, Baba ya ba shi labarin gaba ɗaya, bai rage komai ba. Tsohon ya yi dariya har ya yi tari, ya ce duk shekarun da suka yi tare bai taɓa jin Baba ya manta ko noti ɗaya ba.

Da za mu tafi aka fara loda mana doya a but. Baba ya ji ƙarar, ya ce a dakata. In aka sake yin faci, wa zai sauke doya ashirin a bakin titi kafin a kai ga safaya? Aka kwashe aka jera a kujerar baya. Guda biyu suka ƙi shiga, ya ce a ba shi. Haka muka dawo Maitumbi, yana rungume da su a cinya, yana gaya mini in rage gudu.